RA'AYI: Ba kowane tsiro a baki ne ciwon daji ba, amma askar wanzami ba za ta tantance ba

Idan tsiro ya fito wa mutum a dasashi ko a harshe a ƙauyukan Tajaye da kewaye, abu biyu aka fi yi. Ko dai ya ja bakinsa ya yi shiru don gudun kada a ce masa daji ne, ko kuma a kira wanzami ya yanke ya barbaɗa magani. A ganina duka biyun kasada ce da rai.

Akwai wani tsiro da ba kasafai ake ganinsa ba, likitoci na kiransa verruciform xanthoma. Wani masani ɗan Amurka mai suna Shafer ne ya fara bayyana shi a shekarar 1971. Ya fi fitowa a dasashi, wani lokaci a ganɗa ko harshe, jefi-jefi kuma a fatar jiki. Samansa na da kaushi, yawanci ba ya wuce santimita 2, kuma ba ya ciwo. Ba daji ba ne. Da ƙaramar tiyata ake cire shi, kuma da wuya ya dawo. Haka ma tsiron da kan fito wa wasu masu juna biyu a dasashi yana zubar da jini, sau da yawa yakan motse bayan haihuwa.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A ido, irin wannan tsiro na iya yin kama da dajin baki a farkonsa, har ƙwararren likita ba ya yanke hukunci sai an ɗebi ɗan naman an duba shi da madubin likita. Idan wanzami ya yanke ya jefar, ya jefar da shaidar da za ta faɗi gaskiya. In tsiron mara illa ne, an zubar da jini a banza. In kuwa daji ne, zai ci gaba da cin jiki mai shi na zaton ya warke.

Ba na ɗora wa talaka laifi shi kaɗai. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, sama da kilomita 400 daga Birnin Ƙonni. Manomin da ke lissafin buhunan hatsin da za su kai shi damina ba zai ɗauki wannan tafiya saboda tsiron da ba ya ciwo ba.

Don haka ina kira ga hukumomin lafiya na jihar Tawa su tabbatar da tsari mai sauƙi. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ya riƙa leƙa bakin duk wanda ya zo, a ɗebi naman gwaji a Ƙonni, Illela ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, a aika da shi ɗakin bincike, a sanar da sakamako ta waya. Naman ya yi tafiyar, ba mara lafiya ba. A kuma zauna da sarakunan aska, domin su ne ke fara ganin waɗannan bakunan. In sun saba tura mutane asibiti, an ci rabin yaƙin.

Kai kuma mai karatu, musamman in kana shan taba ko cin ta da kanwa, duk tsiro ko gyambon da ya wuce mako biyu a bakinka bai warke ba, kai shi a duba. Mai yiwuwa a ce maka babu komai, ka koma gida da kwanciyar hankali.