Kayan da ya fi ƙarfin kai, raba shi ake yi

A kasuwar Dole ta birnin Damagaram, da shagunan Zongo da na Sabon Gari, har ya zuwa rumfunan Mirya da Magarya, akwai wata cuta wadda ba a cika kai ta asibiti ba, amma tana kashe sana'a kamar yadda gara ke cin rumbu. Cutar nan ita ce cunkushewar al'amura a kan mutum ɗaya. Mai tebur, da tela, da baduku, da macen da ke tuyar ƙosai a bakin hanya, kowanensu shi ne mai saro kaya, shi ne mai sayarwa, shi ne mai bin bashi, shi ne kuma wanda iyali da dangi suka zuba wa ido. In dare ya yi sai barci ya ƙaurace masa, yana ta jujjuya lissafin da ba ya ƙarewa. Da safe ya fito da zafin rai, ya yi faɗa da mai saye a kan dala biyar, ya kori cinikin da ya kwana yana fata.

Wannan hali ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Wani sashe na nauyin daga waje yake zuwa. Kasuwancin Damagaram a ɗaure yake da na Kano, wadda ke da tazarar kilomita wajen 240, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa tukunyar ƙaramin ɗan kasuwa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986. Ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An kuma yi wani rufin daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100, kayan waje suka yi tsada a dare ɗaya. Kafin wannan, farin 1973 da 1974 ya durƙusar da cinikin gyaɗa, wanda yankin ya daɗe yana dogara da shi. Babu mai tebur ɗin da aka nemi shawararsa a kan ɗaya daga cikin waɗannan, amma duk a kansa suka sauka.

To, sai dai abin da mutum ba shi da iko a kansa, yawan tunaninsa ba ya sauya shi. Wanda ya dace a tsaya a kai shi ne nauyin da ɗan kasuwa ke ƙara wa kansa da hannunsa, domin shi ne wanda zai iya saukewa. Mafi girma a ciki shi ne ajiye dukan lissafi a ka. Bashin da ake binsa a ka yake, wanda yake bi a ka yake, farashin saro da ranar biyan patanti duk a ka. Kan da aka mayar ma'aji ba ya samun sararin yin tunani. Kuma bashin da ba a rubuta ba, a zuciyar mai shi kullum girma yake ƙarawa, har ya zama dodo.

Na biyu shi ne haɗa uwar kuɗi da kuɗin cefane a aljihu guda. Ga misali: mutum ya saro katan na sabulu a kan jika 10, ya sayar da shi ɗai-ɗai ya tara jika 11 da rabi. Ribarsa jika 1 da rabi ce kaɗai. In ya ɗebi jika 3 ya kai gida, to ya ci jika 1 da rabi daga cikin jari ba tare da ya sani ba. In ya yi haka sau shida, jarin ya kusa ƙarewa, ga shi kuwa kullum yana ganin kuɗi suna shiga hannunsa. Daga nan sai zargi ya fara: ya zargi yaron shago, ya zargi maƙwabci, wani ma ya kwashi sauran abin da ya rage ya kai wa boka.

Na uku shi ne ƙin yarda da kowa. Akwai mai shagon da ba ya iya zuwa jana'iza ko ganin likita sai ya rufe, domin bai koya wa kowa riƙon wurin ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tarihin garin nan shaida ne. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta zama babban zango tsakanin Kano da Borno da Agadas, ayari na tashi da fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus. Cikin wannan fatauci har da cinikin bayi, wanda ba abin alfahari ba ne. Amma tsarin aikin yana da darasi. Ayari yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai sanin hanya. In an sauka gari akwai fatoma mai masauki, da dillali mai haɗa ciniki. Malam Yaro, babban attajirin Damagaram na ƙarshen ƙarni na 19, da wakilai da wasiƙu yake tafiyar da harkarsa a garuruwa masu nisa. Attajirin da ya fi kowa dukiya bai ɗauki kayansa shi kaɗai ba, balle mai jarin jika hamsin.

Saboda haka maganin farko yana hannun duk wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci: littafi da alƙalami. Tun 1963 ake koyar da manya karatu da rubutu da lissafi cikin harsunan ƙasa a Nijar, kuma babu inda wannan ilimi ya fi saurin biyan mai shi kamar kasuwa. Shafi ɗaya na abin da ya shigo, shafi ɗaya na abin da ya fita, shafi ɗaya na masu bashi da sunansu da rana. Wanda ya fi ƙwarewa da ajami ya rubuta da ajami. Minti goma bayan sallar isha'i sun isa. Abin da aka zuba a takarda ya bar kai, mutum ya kwanta ya san iyakar matsalarsa. Sau da yawa in an tara alƙaluman sai a tarar ramin bai kai zurfin da ake tsoro ba. In kuma ya kai, gara a sani tun da sauran abin ceto.

Daga nan sai raba kuɗi gida uku: uwar kuɗi wadda ba a taɓawa, da abin cefane wanda mai sana'a zai yanka wa kansa kamar albashi, da ɗan abin ajiya domin ranar da hanya ta rufe ko ciwo ya zo. Shi ma taimakon dangi a ware masa rabonsa. Zumunci wajibi ne, amma wanda ya ba da jarinsa yau, gobe shi da wanda ya bai wa za su taru su rasa. Mata sun riga maza gane wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a yankin Maraɗi a 1991 kafin su bazu a ƙasa har da ƙetare, sun ginu ne a kan zubi kaɗan-kaɗan kowane mako, da akwati mai makulli, da lissafi a gaban kowa. Ban da rancen da mace ke samu a can, tana samun waɗanda za ta faɗa wa damuwarta su fahimta, domin su ma abin da ke cinsu ke nan.

Haka kuma ya kamata kowane mai sana'a ya horar da mutum ɗaya, ɗa ne ko ƙane ko almajiri, ya fara barin masa shago na awa biyu, sannan na yini. Ya kuma tsara makonsa: Alhamis ta babbar kasuwar gari ce, Lahadi ta Mirya ce, to a sami wani yini ko rabinsa na hutu da iyali. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda kuwa rashin barci, ko ciwon kai, ko bugun zuciya ya daɗe masa, ya je a auna jininsa a asibiti, kada ya tsaya ga ƙwayoyin bakin hanya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Ma'aikatan gwamnati su ma suna da nasu kason. Ƙaramin ɗan kasuwa ba biyan haraji ya fi tsoro ba, rashin sanin nawa ne da yaushe ne ke hana shi sakewa. Ya dace ma'aikatar magajin gari da ta haraji da ta duwan su liƙa farashin tikiti da na patanti da Hausa a ƙofar kasuwa, su sanar da ranakun biya a rediyo tun da wuri, su kuma ba da takardar shaida a kan kowace dala da aka karɓa. Malaman yaƙi da jahilci su sa riƙon littafin shago cikin darussansu, su riƙa ba da misali da sabulu da goro da man gyaɗa. Ma'aikacin da ya ɗauki kaya bashi a wurin mai tebur ya biya da zarar albashi ya fito, domin jika biyun da yake rainawa wataƙila su ne rabin jarin wancan.

Gari ba ya tsayuwa da manyan attajirai kaɗai. Dubban ƙananan masu sana'a ne ke ciyar da gidaje, su ne ke koya wa samari aikin hannu, su ne ke hana da yawa daga cikinsu tafiya ci-rani. Duk shagon da ya rufe saboda mai shi ya gaji, gida guda ne ya shiga wahala. Wanda ya ji kayan sun yi masa yawa, kada ya jira sai wuya ta karye. Ya sayi littafi yau, ya buɗe shafin farko da sunayen masu bashi.