Ki Bi Takun Yaro, Kada Ki Ja Shi

Idan kullum a ƙafa kike kai ɗanki mai shekara uku ko huɗu makaranta, kin san inda rigima take farawa: ana kaiwa rabin hanya sai ya tsuguna ya ce a goya shi, ga kuma ƙaninsa a bayanki.

Ba kullum ne sangarta ba. Ƙafarsa gajera ce, takunki ɗaya kusan biyu ne a wurinsa, kuma zafi ya fi saurin galabaitar da yaro. Don haka ku fito da wuri kafin rana ta take, musamman daga Maris zuwa Mayu. Ya karya kafin ku fita, ko da koko da ƙosai ne, ki kuma riƙo masa ruwa. Ki yanka masa hanyar zango-zango: daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa gindin darbejiya, ku huta minti biyu. Idan ya toge, kada ki fizgi hannunsa, domin gwiwar hannun ƙaramin yaro tana saurin gocewa.

Amma idan gajiyarsa ta wuce ta sa'o'insa, yana haki a 'yar gajeriyar tafiya, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, ki kai shi asibiti a auna jininsa. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila duk suna jawo ƙarancin jini.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana su.