Me ya haɗa Zariya da tsohuwar Daular Farisa?

A watan Nuwamban 2025 hukumomin birnin Tehran suka ƙaddamar da wani mutum-mutumi a dandalin Inƙilab, wanda ke nuna Sarki Shapur na Ɗaya bisa doki, da Sarkin Rum Valerian durƙushe a gabansa.

An kwaikwayo shi ne daga wani sassaƙen dutse da ke Naƙsh-e Rustam, wanda aka yi domin tunawa da kama Valerian a shekara ta 260 miladiyya.

Lamarin ya ja hankali domin ya zo ne 'yan watanni bayan yaƙin kwana 12 da Isra'ila, kuma Jamhuriyar Musulunci ta Iran ta daɗe tana ɗari-ɗari da sarakunan da suka yi zamani kafin Musulunci. Sarki Muhammad Reza Pahlavi, wanda juyin juya halin 1979 ya tumɓuke, shi ne ya shahara da tinƙaho da su, har ya kashe maƙudan kuɗi a 1971 wajen bikin cikar sarautar Farisa shekara 2,500.

A Zariya kuwa, da wuya a ambaci Iran hankali bai koma kan siyasa ba: harkar da Sheikh Ibrahim Zakzaky ke jagoranta, da arangamar watan Disamban 2015 da sojoji, da haramta ƙungiyar a 2019. To sai dai alaƙar birnin da Farisa ta girmi wannan taƙaddama nesa ba kusa ba, kuma ta hanyar littattafai ta iso.

Daular da ta tara masu sana'a

Sairus ne ya kafa daular farko wajen shekara 550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ci Babila a 539. A zamanin Dariyus ta miƙe daga kogin Indus har zuwa Masar da Libiya, kuma shi ne ya fara gina fadar Persepolis wajen 518, wadda Iraniyawa ke kira Takht-e Jamshid.

A jikin matakalar babban zauren fadar an sassaƙa tawagogi 23 suna kawo gaisuwa, kowace da irin tufafinta. Cikinsu akwai mutanen Kush, wato yankin Sudan ta yau, ɗauke da hauren giwa. Wani rubutu da Dariyus ya bari a birnin Susa ma ya lissafa inda aka samo kayan gini da ma'aikata: katako daga Labanon, masu sassaƙa dutse daga ƙasar Girkawa, maƙeran zinariya daga Masar.

Iskandar na Masidoniya ya ƙone fadar a 330 kafin miladiyya. Daular da Musulmi suka tarar ita ce ta Sasaniyawa, wadda ta yi mulki daga 224 zuwa 651, kuma sarakunanta ne Larabawa ke kira Kisra. Duk almajirin da ya saurari karatun Mauludi ya ji labarin tsagewar fadar Kisra a daren haihuwar Manzon Allah (SAW). Ragowar wannan gini na nan tsaye a Mada'in, kudu da Bagadaza.

Daga Mada'in zuwa Kongo

Da aka karya rundunar Farisa a Ƙadisiyya wajen 636, sarauta ta kama hanyar faɗuwa, amma tsarin mulkin bai mutu ba.

A Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da tsangayar shari'a da ta harkokin mulki, da kuma cibiyar nazarin shari'ar Musulunci, littafin Ahkamus Sulɗaniyya na Mawardi ba baƙo ba ne. A babin da ya yi kan diwani, wato kundin da hukuma ke rubuta sunayen sojoji da kuɗin shiga, Mawardi ya danganta asalin kalmar ga Farisawa, ya kuma kawo ruwayar cewa wani Bafarishe ne ya ba Halifa Umar shawarar kafa shi.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a babukan da ya yi kan adalcin shugaba cikin Bayan Wujubil Hijra, ya ɗauko abubuwa da yawa daga Sirajul Muluk na Ɗurɗushi, littafin da ke cike da hikayoyin sarakunan Farisa irin su Anushirwan. Hatta kalmar Firdausi, masana harshe sun bi salsalarta zuwa wata tsohuwar kalmar Farisa mai nufin lambun da aka kewaye da katanga.

Akun Abubakar Imam

Inda gadon ya fi fitowa fili shi ne a adabi.

A zamanin Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, wani likitan fada mai suna Burzuya ya kawo tatsuniyoyin dabbobi daga Indiya ya fassara su. Wajen shekarar 750 Ibnul Muƙaffa ya mayar da su Larabci da sunan Kalila wa Dimna. Haka nan Alfu Laila: Mas'udi da Ibnun Nadim sun ambata tun ƙarni na 10 cewa tushensa wani littafin Farisa ne, Hazar Afsana, kuma sunayen Shahrazad da Shahriyar kansu na Farisanci ne.

A 1936 Rupert East ya gayyato wani matashin malami daga Katsina zuwa ofishin talifi na Zariya. Cikin 'yan watanni Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Manazarta sun nuna cewa ya ɗebo labarai daga waɗannan littattafai biyu da kuma tatsuniyoyin Turai, kuma dabarar sa aku ya riƙe ɗan sarki da hira don hana shi fita ta yi kama da ta Tutinama, littafin Farisanci na ƙarni na 14, wanda shi ma daga Indiya aka aro.

Wannan bai rage wa Imam komai ba. Ya sa wa labaran rawani da babbar riga, ta yadda ɗalibai da yawa da suka karanta littafin a makaranta ba su taɓa zaton akwai baƙo a ciki ba. Ya kamata kuma a lura cewa mafi yawan abin da ya iso ƙasar Hausa daga Farisa ta hannun Larabci ya biyo, kuma malaman Sunna 'yan Malikiyya ne suka ɗauko shi, domin Iran kanta ba ta koma Shi'a a hukumance ba sai a 1501, zamanin Safawiyawa.

Wannan ne ɓangaren da muhawarar yau kan tsallake, daga masu goyon bayan Tehran har masu adawa da ita. Gwamnatin Iran dai ta koma neman Shapur a lokacin da take buƙatar haɗa kan jama'arta, yayin da a shagunan littattafai na Tudun Wada, dab da Kongo, ana ci gaba da sayar da Magana Jari Ce kashi uku ga 'yan makaranta.