Kafin Mu Ce Tsautsayi, a Auna Faifan Birki

Makon jiya ina wani gareji a nan unguwar Zongo ta Wagadugu, ina jiran a ɗaure mini sarƙar babur, sai ga direban tasi da tsohuwar Marsandinsa koriya. Ya ce da ya taka birki sai sitiyari ya kama rawa, birkin kuma ya riƙa harbin ƙafarsa. Bakaniken ya cire taya, ya juya faifan birkin da hannu, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Maigida, lafiyarsa lau, plaket kawai za a sake." Aka sake. Yaron gareji ya zura bututu a sifana, ya hau kai yana tsalle har notuka suka yi ƙara. Direba ya biya, ya fita ɗaukar 'ya'yan mutane.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni nake karanta sanarwar rasuwa a rediyo, na kuma gaji da jin "birki ne ya ƙi" ana rufe shi da "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Birki ba ya ƙi rana ɗaya. Yakan daɗe yana gargaɗi, mu ne muke toshe kunne.

Faifan nan yana juyawa tare da taya, plaket biyu su matse shi ta kowane gefe, mota ta tsaya. Idan yana juyawa yana karkata hagu da dama, yakan riƙa gogar plaket a wuri ɗaya har wani ɓangarensa ya fi wani siranta. Rawar da direba yake ji ke nan. Yawancin masu ƙera motoci ba sa yarda karkatar ta wuce kimanin milimita 0.05, abin da da ƙyar ya kai kaurin gashin kai. Wane ido ne zai ga wannan? Akwai agogon awo, wanda makanikanmu ke kira kwamparata. A kafa shi, tsinkensa ya taɓa fuskar faifan, a juya zagaye ɗaya, allura ta faɗi gaskiya. Aikin minti goma ne.

Sau da yawa ma faifan ba shi da laifi. Tsatsa ce ko jar ƙasar titunanmu ta maƙale tsakaninsa da mazauninsa, ko boris ya ci, ko kuma irin tsallen yaron nan, noti ɗaya ya fi ɗan'uwansa ɗauri. A goge mazaunin tas, a ɗaure notuka a gicciye da ƙarfi daidai, a sake aunawa.

Za a ce mini talauci ne. To, mai motar da ya sayi amsa-kuwwa da fitilu masu walƙiya, shi ne zai yi ta ciniki a kan kuɗin awo, ya je ya ɗauko faifan gwanjo irin na motocin "Faransa sai wata rana", bai ko duba ƙarshen kaurin da aka zana a jikinsa ba. Za a ce ai mota ta yi bizit a CCVA. Takarda shaidar rana ɗaya ce, ba ta tsayar da mota a kan hanyar Bobo, ranar da mai goyo ta gitta a kan babur.

Makanikai, ku sayi agogon nan, ko gareji uku su haɗa kuɗi. Masu mota, wanda ya auna muku da ido, ku ɗauke motarku. Mu kuma fasinjoji, in muka ga sitiyari yana rawa a hannun direba, mu yi magana, ai ranmu ne a ciki. Ajali na Allah ne, babu ja. Amma ranar da aka tambaye mu abin da muka ji muka yi biris da shi, kalmar tsautsayi ba za ta fishe mu ba.

Allah ya kiyaye hanya.