Daga Bakin Shugaba: A Bar Ɗiya Mata Su Bi Ayarin Lakwal

 

Da sanyi ya shigo, mushen lakwal zai fita da ƴan aji yawon gani da ido: gonakin dabinon Ingal, bakin kori, sannan Tagidda-n-Tasumt. Na ji wasu iyaye na cewa maza su tafi, ɗiya mata su zauna, wai babu kuɗin mota, kuma wa zai ɗebo ruwa? A nan nike so mu tsaya.

Abin da za a nuna musu, ai sana'armu ce. A lambu za su ga yadda ake ɗaukar furen namijin dabino a sa wa mace, in ba haka ba almadinar da muke taƙama da ita ba ta yin kirki. A bakin kori ga aduwa mai ba da mai, ga magarya, ga bagaruwar jima, ga tumfafiya wadda nononta ke ɓata ido. A Tagidda za su ga ana kwaɓa ƙasa da ruwan gishiri, a zuba cikin ƙananan ramu, rana ta shanye ruwan, gishiri ya saura. Gishirin ƙasar nan ne ke jawo makiyaya Cure Salée kowace Satumba.

Akwai kuma abin mamaki. A 1997 wani Ba'amurke, Paul Sereno, da mutanensa sun tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba a yankinmu, aka sa mata suna Jobaria. A zamaninta nan duk koguna ne da itatuwa. Yaran da sunka ga ice ya zama dutse za su gane ƙasa tana canzawa, kamar yadda jimina ta ɓace daga dajinmu, barewa ta yi wuyar gani.

Gani ya kori ji. Shawarata ita ce: ranar zubi kowace ta ƙara dala ashirin, mako huɗu, a rubuta shi daban da kuɗin rance. Uwaye biyu su raka ayarin, don hankalin maigida ya kwanta. Ruwan yini ɗaya kuwa, maƙwabciya ta kama.

Ku tattauna a taronku, sakatariya ta aiko mini da amsa kafin wata ya mutu. Allah shi albarkaci asusunmu.