Sarrus ba ya tsallake 3×3, ku daina bauta masa

1/ Zan faɗi abin da zai ɓata wa masu tutoriyal rai: dabarar Sarrus da ake ɗura wa 'yan aji ɗaya don nemo ditaminant ta fi cutarwa a kan amfani. Ku biyo ni, da hujjata na zo.

2/ Kun san ta: ka kwafo ginshiƙai biyun farko zuwa dama, ka ninka lambobin kowane layin karkace, ka tara uku, ka ɗebe uku. A matiriks 3×3 tana aiki lafiya lau. Iyakarta ke nan. Wannan gargaɗin ne masu koyarwa da yawa ke haɗiyewa.

3/ Dalili: ditaminant na n×n yana da gaɓoɓi n! ne. 3×3 na da 6, Sarrus ya ba ka 6, an yi dace. 4×4 na da 24, karkace kuwa 8 kacal za ta ba ka. Sauran 16 ɗin wa zai biya?

4/ Gwada da hannunka, sahu-sahu:
0 1 0 0
1 0 0 0
0 0 1 0
0 0 0 1
Bi karkace, sifili za ka samu. Amsar gaskiya −1 ce. Wato dabarar ta ce maka matiriks ɗin ba shi da inbas, alhali shi ne inbas ɗin kansa. Haba!

5/ Abin da ya kamata a fara koyarwa dokoki uku ne. Ka musanya sahu biyu, alama ta juya. Ka ninka sahu da k, ditaminant ya ninku da k. Ka ƙara ninkin wani sahu a kan wani, ba abin da ya canja.

6/ Misali:
2 1 3
4 5 6
2 4 9
Ɗebe ninki biyu na sahun farko daga na biyu: 0 3 0. Ɗebe na farko daga na uku: 0 3 6. Ɗebe sabon na biyu daga wannan: 0 0 6. Ƙasan karkace duk sifili, sai ka ninka 2×3×6 = 36. Shi ke nan.

7/ Sarrus ma 36 zai ba ka, 150 a ɗebe 114. Bambancin, tawa hanyar za ta raka ka 4×4 da 5×5, tasa kuwa a bakin ƙofa za ta ajiye ka.

8/ Masu cewa "ai akwai faɗaɗawar Laplace": e, daidai take a kowane girma, kuma in sahu ya cika da sifili ita ce sarauniya. Amma a 10×10 cikakke gaɓoɓi 3,628,800 ke jiranka. Rage sahu kuwa ninkawa 'yan ɗaruruwa ce. Shi ya sa kwamfuta ma rage sahu take yi.

9/ "Sarrus ya fi sauri a jarrabawa." Na yarda, in 3×3 aka kawo. Ranar da malam ya ƙara sahu ɗaya fa? Mai hadda zai cika takarda da ƙarfin gwiwa, ya tashi da sifili biyu: ɗaya a amsa, ɗaya a maki.

10/ Masu tutoriyal, ku ji tsoron Allah. In za ku koyar da Sarrus, ku rubuta "3×3 KAƊAI" da manyan baƙi a allo, sannan ku koyar da dokoki ukun nan a zama guda. Wanda bai yarda ba, ga matiriks na lamba 4 can, ya warware da karkace mu gani.