NOMA TUSHEN ARZIKI: Ƙudan Karas Da Masu Lambun Haya A Ingila

A ƙasar Ingila akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada ta yanka wa mazauna birni filaye a ba su haya, domin kowa ya noma abin miyar gidansa. Tun a 1908 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da irin waɗannan lambuna, kuma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu yawansu ya haura miliyan ɗaya. Cikakken lambu guda yakan kai murabba'in mita 250. Kusan duk wanda ya samu irin wannan fili yakan ware fangali ɗaya ko biyu na karas, to, a nan ne yake gamuwa da babban abokin gabarsa, watau ƙudan karas.

Shi wannan ƙuda ɗan ƙanƙane ne, baƙi, mai rawayan ƙafafu, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba. Ba ya cin karas da bakinsa. Tamatar ce ke bin ƙanshin ganyen, ta saka ƙwai cikin ƙasa dab da gindin shukar. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai tsutsa ta fara da ƙananan saiwoyi, daga nan ta kutsa cikin karas ɗin tana yin ramuka masu launin tsatsa. Mai lambu ba ya farga sai ganye ya soma ja, ko kuwa ranar tono, ya tarar wahalar wata uku ta tashi a banza. Ƙudan yakan fito sau biyu a shekara, wajen watan Mayu da kuma wajen Agusta.

Da yake tsutsar a ɓoye take cikin ƙasa, feshi a kan ganye ba ya kai mata. Saboda haka masu lambun suka koma ga abin da Hausawa ke cewa, sanin hali ya fi sanin kama. Sun lura tamatar ƙasa-ƙasa take tashi, don haka sai su kewaye fangali da shingen leda ko raga mai tsayin ƙafa 2 zuwa 3. Abin da ya fi wannan inganci shi ne a lulluɓe fangalin gaba ɗaya da raga mai ƙananan idanu irin ta gidan sauro tun ranar shuka, a binne bakinta cikin ƙasa.

Amma fa akwai sharaɗi. Tsutsar takan yi kwanci cikin ƙasa duk tsawon hunturu, sa'an nan ta rikiɗe ta zama ƙuda. Wanda ya shimfiɗa raga a wurin da ya yi karas bara, ya kulle ɓarawo ne a cikin rumbu. Dole ne a sauya wuri kowace shekara, kuma kada a bar ko guntun karas a ƙasa bayan tono.

Bugu da ƙari, ƙanshin ganyen da aka murje shi ne mai kiran ƙudan. Shi ya sa gwanaye ke yafa iri sama-sama, don kada tsiro ya cunkushe har a bukaci ragewa. In ragewar ta zama tilas, sai a yi ta da maraice, a danne ƙasa, a yi ban ruwa, a kwashe abin da aka tuge a kai shi nesa. Wasu kuma sukan jinkirta shuka sai ƙudan farko ya wuce, su tone kafin tsutsar na biyu ta yi ƙarfi. Akwai kuma iri irin su Flyaway da Resistafly, waɗanda ƙudan bai cika so ba, ko da yake ba su tsira ɗungum ba.

Batun shuka albasa tsakanin layukan karas kuwa, binciken da Uvah da Coaker suka wallafa a 1984 ya nuna tana taimakawa ne lokacin da ganyenta ke girma. Da zarar ta fara yin kai, amfaninta ya ragu ƙwarai.

Wannan ƙuda na ƙasashen sanyi ne, amma darasinsa ya shafi masu noman karas a Zariya da Kano da Jos. Karas abu ne da yara da manya ke saye a tire su ci ɗanye, don haka duk gubar da aka fesa masa ana gab da tono, cikin mutane za ta ƙare. Kafin manomi ya ɗauki kwalbar magani, ya kamata ya san wane ƙwaro ne ke masa ɓarna, da inda yake kwana, da lokacin fitowarsa. In kuwa feshin ya zama dole, to, a kiyaye adadin kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a tone.

Allah Ya ba da yabanya mai albarka, amin.